Gidan da Baba Dinis ya ce a kai shi

Shekara biyar ke nan da rasuwar Baba Dinis, kuma har yau idan na bi ta gaban shagon shayin nan na Al Muraqqabat sai na kalli teburin da ke kusa da ƙofa. An canja teburin, mai shagon ma ya koma ƙasarsu, amma idona bai daina zuwa wurin ba. Da yawa daga masu karanta wannan jarida ba su san shi ba. Waɗanda suka riƙa zuwa Dubai sarin kaya a farkon shekarun nan kuwa za su tuna wani dogon Bature tsoho, mai jar fuska, da yake tsayawa a bakin siton kago na Al Khabaisi yana ce musu, "Sannunku da zuwa, ya kuka baro mutan gida?" da Hausar Katsinawa. To shi ne. Sunana Habu, ni ne mai ɗaure kaya a wannan siton, kuma shi ya koya mini karatu da rubutun boko ina da shekara arba'in da ɗaya. Wannan rubutun da hannuna na yi shi. Ya ɗauke ni mako uku, ban kuwa yi gaggawa ba.

Mutumin ƙasar Ireland ne, daga wata gunduma ta manoma da masu kiwon shanu a yammacin ƙasar, ana ce mata Clare. Ya yi shekaru masu yawa yana haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan Katsina da Daura, a can ya kwashi Hausa. Da ƙarfi ya fara ƙarewa sai ya zo Dubai, ya kama aikin duba takardun kaya a kamfanin da nake. Bai taɓa yin aure ba, ba shi da ɗa.

Ni a lokacin da alama nake aiki. Kayan wannan alhajin in yi musu zobe da jan fenti, na wancan in ja layi biyu, na wata hajiya in zana tauraro. Na yi shekara shida a haka ba wanda ya gane. Ran nan sai na rikita alama biyu, na tura kayan Yamai zuwa Kano. Manaja ya yi ta faɗa a gaban leburori, yana ɗaga takarda yana cewa ai ga shi nan a rubuce, ban gani ba ne? Baba Dinis ya jira sai da aka watse. Sannan ya matso kusa da ni ya ce, "Habu, ranar Juma'a da safe ka zo mu sha shayi. Ka taho da fensir."

Koyarwarsa kwafi ce. Zai rubuta layi ɗaya a saman takarda, ni kuma in yi ta kwaikwaya har ƙasa, baƙi bayan baƙi. Idan na yi sauri ya dafe takardar da tafin hannunsa ya ce, "Shwaiya, shwaiya, a hankali, ba kwantena kake lodi ba." Ya ce haka ake rubutu a gidansu. Na ce wane gida? A nan ya fara ba ni labarin gidan 'yan zuhudu da ke bayan gonar mahaifinsa. 'Yan zuhudu maza ne da suka bar duniya, ba aure, ba dukiya, suka taru a gida ɗaya suna ibada dare da rana bisa addininsu na Kirista. Ya ce a gundumarsu irin gidajen nan suna da yawa, wani a gindin dutse, wani a tsibiri tsakiyar ruwa, wani yana da hasumiya doguwa mai ƙofa can sama. Babban aikinsu kwafin littattafai da hannu a kan fatar maraƙi. Mutum ɗaya zai iya yin shekara a kan littafi ɗaya. In ya gaji sai ya rubuta ƙorafinsa a gefen shafi, cewa tawada ba kyau, ko sanyi ya kama yatsunsa. Baba ya ce ni ma an yarda mini. Jimlar farko da na haɗa da kaina a duniya, a gefen shafi na rubuta ta: "Wuyana yana ciwo." Ya yi dariya har da hawaye.

Ya san gidan nan kamar tafin hannunsa. Ya gaya mini inda kicin yake, da rijiyar da ke bayan bango, da taga mai sassaƙa ta ɓangaren gabas, da barandar da ake zama idan rana ta fito. Ya ce matafiyi ba ya wucewa da yunwa ta ƙofar gidan. Ni kuwa duk abin da yake faɗa ina jera shi a kan abin da na sani. Na ɗauke shi kamar zawiya: ga shaihi, ga masu karatu, ga baƙi ana ɗebo musu tuwo. Ban taɓa tambayarsa ko mutanen suna nan ba. Wa yake tambaya ko masallaci yana da liman? Har nakan ce masa, "Baba, in ka yi waya gida ka gaishe mini da su." Sai ya yi murmushi ya kurɓi shayinsa.

Wata Juma'a ya ciro kati daga aljihu, ya rubuta sunan gidan da sunan ƙauyen, ya sa ni na karanta masa sau uku. Ya ce, "Kai ne mai kago. Ranar da na zama kaya, nan za ka aika ni. Mahaifina yana can, kakana yana can. Kada ka bari su sa ni cikin yashin nan." Na ce, "Haba Baba, wace irin magana ce wannan da sassafe?" Ya ce, "Ka yi alkawari kawai, Bakano, kada ka tsaya ciniki." Na yi masa alkawari. Na sa katin a cikin fasfona.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ya faɗi a ofis da hantsi, yana riƙe da takardun wata kwantena. Kafin a isa asibiti ya cika. Aka ajiye shi a mutuware. Kamfani ya nemi ɗan'uwan da ya rubuta a fayil ɗinsa, aka tarar ya riga shi rasuwa, lambar wayar ma ba ta shiga. Jami'an ƙasarsu suka ce suna bincike. Manaja ya kira ni ya ce kamfani ya yarda zai ɗauki nauyin kai shi gida, amma sai an sami mutum can mai suna da adireshi wanda zai sa hannu ya karɓi gawa. In ba a samu ba zuwa ƙarshen wata, za a binne shi a maƙabartar Kiristoci da ke wajen gari. "Mako uku, Habu. Bayan nan khalas, an gama."

Ban ga abin wahala a ciki ba. Ai gidan yana da shugaba. Na sayo takarda mai layi da ambulan, na zauna kwana biyu ina haɗa Turanci da ɗan ƙamus ɗin da Baba ya ba ni. Abokin zamana a ɗaki, Isuhu, mutumin Maraɗi, ya yi lakkwal, wato boko, amma da Faransanci, ya duba mini ya ce, "Bon, ni ban gane rabi ba, amma rubutun ya yi kyau." Abin da na rubuta shi ne: Zuwa ga Shugaban gida, bayan gaisuwa da girmamawa gare ka da dukkan mutanen da ke ƙarƙashinka. Ɗanku Dinis ya rasu a Dubai. Ya bar wasiyya a kawo shi wurinku. Ina roƙon izini, da sunan wanda zai karɓe shi. Na sa lambar wayata a ƙasa. Wannan ce wasiƙa ta farko da na taɓa rubutawa. Na kai gidan waya da kaina, na liƙa kan sarki, na dawo ina jira.

Mako ɗaya shiru. Mako biyu shiru. Na fara jin haushin mutanen da ban taɓa gani ba. Ina cewa a raina, ashe malaman ko'ina haka suke, sai babban mutum ya rubuto musu za su amsa? Kullum da safe manaja zai dube ni ya ɗaga gira, ni kuma in girgiza kai.

Saura kwana uku wa'adi ya cika wayata ta yi ƙara ina tsakiyar naɗe katan da leda. Muryar tsohuwa ce, Turanci mai sauri, ban kama komai ba sai sunan Dinis. Allah ya sa Hajiya Rabi tana siton ranar tana duba kayanta. 'Yar kasuwa ce daga Kano, ta yi jami'a, Turanci a bakinta kamar ruwa. Na miƙa mata wayar. Ta fara da murmushi, tana "yes, yes," sai na ga murmushin ya ɗauke. Ta jawo katan ta zauna a kai. Ta rufe bakin wayar da hannu ta ce, "Malam Habu, wa ka rubuta wa takardar nan?"

Na ce, "Shugaban gidan mana."

Ta ce, "Ta ce babu shugaba. Babu kowa a gidan. Ko rufi babu. Kango ne, Malam Habu. An fi shekara ɗari huɗu rabon da wani ya kwana a ciki."

Ledar da ke hannuna ta faɗi. Na tsaya ina kallon bakinta kamar wata sabuwar magana za ta fito ta gyara ta farko. Na ce wataƙila wani gida ne mai suna iri ɗaya. Ta tambaya, aka ce a'a, shi ne, ga gonar mahaifin Dinis nan a bayansa. Matar sunanta Birijit, gonarta ce ta kewaye kangon, a wurinta mabuɗin ƙofar shingen yake. Mai raba wasiƙu ya ga ambulan daga ƙasar Larabawa da sunan shugaban da babu shi, ya yi ta juya ta, daga ƙarshe ya kawo mata tunda ita ce mai mabuɗi. Ta ce da ta ga bayan ambulan dariya ta yi. Da ta buɗe kuma sai ta zauna ta yi kuka, domin aji ɗaya suka yi da Dinis a makarantar firamare. Ta ce a turo shi, ita za ta sa hannu.

Ga mai karɓa an samu, abin da na yi mako biyu da rabi ina roƙo. Amma ni ban iya murna ba. Na fita bayan sito na zauna a inuwar kwantena. Shekara biyu ina gaida mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakan kakana. Shekara biyu ina ganin hayaƙin kicin ɗinsu a raina. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa shi ne wurin da zan tura shi. Mu a wajenmu kango wurin macizai ne da abin da ba a faɗa, yara ma ana hana su leƙawa. Ba a kai mamaci kufai. Sannan wace irin al'umma ce za ta bar ɗakin ibadarta ba rufi shekara ɗari huɗu, tana wucewa ta gabansa kullum?

Isuhu bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya ce, yana kirana yallaɓai da Faransancinsu, "Mushe Habu, mi kake tunani? Tsoho ya tsufa, yana tuna yarinta ne kawai. Nan akwai maƙabarta mai katanga, mai maigadi, kana iya shiga mota ka ziyarce shi. Can kuwa shanu za su taka shi. Kai ka ɗauke shi ka kai wa shanu?" Na ce na yi alkawari. Ya ce, "Ka yi alkawari a kan gida mai mutane. Wannan gidan babu shi." Maganarsa ta shige ni, domin gaskiya ce. Abin da kawai zan yi shi ne in yi shiru kwana uku. Ba wanda ya san an bugo waya sai ni da shi da Hajiya Rabi. Ina kunyar rubuta wannan, amma na yi kwana ɗaya cur ban gaya wa manaja ba.

Na kuma ji haushin Baba kansa. Me ya sa bai taɓa cewa, Habu, mutanen nan fa sun daɗe da tafiya ba? Ya ji ni ina aika musu gaisuwa. Na daɗe ina juya wannan tambayar, har bayan komai ya wuce. Abin da na tsaya a kai yanzu shi ne ya sani sarai. Ina jin daɗi yake ji cewa akwai mutum ɗaya a duniya wanda a wurinsa gidan yana nan da rufinsa da mutanensa, bai so ya rushe shi a karo na biyu ba. Ban ce ya kyauta ba. Amma na daina fushi.

Washegari na je otal ɗin da Hajiya Rabi ta sauka, na roƙe ta ta sake kiran matar. Na rubuta tambayoyina a takarda don kada in manta. Hajiya ta ce, "Kai Malam Habu, sai ka ce alƙali." Na ce ta yi haƙuri ta tambaya.

Me ya sami gidan? Birijit ta ce wani sarkin Ingila ne a zamanin da ya ƙwace gidajen 'yan zuhudu, aka kori mutanen, aka raba filayensu, rufin kuma ya tafi. Wasu sun riƙa dawowa a ɓoye, har suka ƙare. Me ya sa ba a sake ginawa ba? Ta ce suna da coci a cikin ƙauye, wannan kuwa an bar shi yadda yake, hukuma tana kula da bangon kada ya zube. To me ya sa ake binne mutane a ciki? A nan Hajiya ta ce kamar matar ba ta gane tambayar ba. Can ta ce, "Ai a nan mutanenmu suke." Da aka kori masu ibada, talakawan yankin suka ci gaba da kawo matattunsu cikin bangon, kowane gida da wurinsa, ɗa a gefen uba. Ta ce wurin gidan su Dinis yana jikin bangon gabas, ƙarƙashin taga, saura na mutum ɗaya. Sunansa ma yana kan dutsen kabarin tun da daɗewa, shi da kansa ya sa aka sassaƙa da shekarar haihuwarsa, aka bar gurbin ɗaya shekarar.

Na ce shanu fa? Hajiya ta tambaya tana danne dariya. Birijit ta ce shanunta suna da tarbiyya, kuma akwai ƙofar ƙarfe.

Tambayata ta ƙarshe ita ce wa zai haƙa kabarin, tunda ba shi da kowa. Ta ce a wajensu maƙwabta ne suke haƙa, ba a ɗauko ɗan kwangila, kuma dangin mamaci ba sa taɓa shebur. Tun jiya da labari ya zaga, maza huɗu sun zo ƙofarta suna tambayar ranar. Ɗaya daga cikinsu ya haura saba'in, an ce ya bari, ya ce mahaifin Dinis ne ya haƙa na mahaifinsa, ba wanda zai hana shi.

Wannan amsar ce ta kwance ni. Na tuna unguwarmu, yadda ake jin rasuwa da asuba kafin hantsi matasa sun ɗauki diga sun yi gaba, ba wanda ya aike su. Na ce a raina, kufai shi ne wurin da aka manta. Wurin da mai raba wasiƙu ya san inda zai kai takardarsa, wurin da tsofaffi suke rigima a kan shebur, ko me sunansa, ba a manta da shi ba. Bayan azahar na tsaya wajen limamin masallacinmu na tambaye shi ko akwai laifi Musulmi ya yi wa gawar Kirista wannan hidima. Ya ce, "Ya yi maka alheri? Ka yi masa alkawari? To me kake jira?" Daga nan na wuce ofis na ba manaja suna da adireshin Birijit.

Sauran aikin irin wanda na saba ne, takardu da hatimi da layi a ofisoshi. Na raka akwatin har sashen kaya na filin jirgi. Na ɗaure kaya dubbai a rayuwata, ban taɓa duba igiya sau huɗu ba sai ranar. Ban bi shi ba, biza ba ta samuwa ga irina a cikin kwana biyu.

Bayan wata guda hotuna suka iso. Na zaci na shirya, ashe ban shirya ba. Bango ne dogo na baƙin dutse, ciyawa ta tsiro a kansa, sama a buɗe. Inda ya kamata a ce sahun masu ibada ne, kaburbura ne jere har bakin ƙofa, wasu duwatsun sun karkace. Ga tagar gabas nan da sassaƙarta, daidai yadda ya faɗa mini, sai dai babu gilashi, gajimare kawai ake gani ta cikinta. A ƙarƙashinta mutane sun kai hamsin, sun cika wurin, sanye da baƙaƙen riguna, suna tsaye a kan kakanninsu. Na nuna wa Isuhu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wallahi sun fi jana'izar kawuna yawa." Bai ƙara maganar shanu ba.

Yau da Baba zai dawo Deira, ɓangaren garin da sitonmu yake, da ya sha mamaki. Jirgin ƙasan da ake ta haƙa wa rami ya fara aiki, akwai tasha a Al Rigga, 'yan mintoci daga inda muke shan shayi. Da na ga ya shiga ya tsaya yana gyara wa mutane yadda ake karanta taswira. Amma abin da zai fi tsayar da shi wani ne. Tun bara kasuwa ta tsaya. Ni yanzu a unguwar International City nake zaune, kuma a hanyar zuwa aiki bas yana wuce gine-gine da aka fara aka bari. Hawa ashirin, hawa talatin, babu taga, babu rufi, kiren ɗaga kaya yana tsaye a sama ba ya motsi. Mutanen da suke ginawa an sallame su. Isuhu ma ya koma Maraɗi. Shekara biyar da suka wuce na kasa yarda cewa mutane za su iya barin gini babba haka a buɗe. Yanzu ina ƙirga su ta tagar bas, kuma ba sarkin da ya zo ya kori kowa.

Na san abin da zai ce, domin na san bakinsa. Zai leƙa ta taga ya ce, "Habu, waɗannan ma kango ne, amma wa zai ce a binne shi a ciki?" Sannan ya tambaye ni ko na yi kwafin makon nan.

Wasu 'yan'uwa sun yi mini magana a kan yadda nake ambatonsa, suna cewa in kula da irin addu'ar da nake yi wa wanda ba Musulmi ba. Na ji, kuma ba na jayayya da malamai. Makomarsa tana hannun Wanda ya halicce shi. Abin da na sani shi ne abin da ya bari a hannuna. Ina karanta takardar kaya da kaina. Ina karanta saƙon 'yata idan ta rubuto daga makaranta, ba sai na kai wa wani ya ji sirrin gidana ba. Bai bar gida ba, bai bar mota ba, kayansa duka jaka biyu ne. Da za a tambayi kamfani, za su ce wani tsoho ne da ya taɓa duba musu takardu.

A watan jiya wasiƙa ta zo daga Birijit. Wannan karon ban nemi Hajiya Rabi ba. Na zauna da ƙamus bayan sallar Juma'a, ban tashi ba sai da aka kira la'asar. Ta ce ƙafafunta sun yi nauyi, ta miƙa mabuɗin ga ɗan ƙanenta. Ta ce an daina binne mutane a cikin bangon, wuri ya cika, kuma ana tsoron haƙa kusa da tushen ginin. An buɗe sabon fili a waje. Dinis ne mutum na ƙarshe da aka sa a ciki.

Na karanta layin nan sau uku, sannan na ajiye takardar. Shekaru ɗaruruwa ana kawo mutane, gida bayan gida, saura gurbi ɗaya, kuma ni Habu mai ɗaure katan na kusa barin sa babu kowa har abada saboda tsoron kango. Kwana biyu ne kawai tsakani. Da na ƙara yin shiru kaɗan, da yanzu akwai dutse a can da sunansa da shekarar haihuwarsa, mutane suna wucewa suna tambayar ina ya shiga.

A ƙarshen wasiƙar ta ce mai sassaƙa ya daɗe da cike shekarar rasuwa, amma a ƙasan sunan akwai sauran wurin layi ɗaya. A al'adarsu iyali ne suke zaɓar abin da za a sa, matar wane, ko mahaifin su wane. Ta ce sun yi shawara a ƙauye, sun ga ba wanda ya fi cancanta ya zaɓa sai wanda ya turo shi gida.

Na yi kwana tara ina tunani. Na rubuta jimloli da Turanci na yaga, duk sun yi tsawo, kuma ba muryata ba ce. Daga ƙarshe na aika mata kalma ɗaya ta Hausa, da manyan baƙaƙe don kada mai sassaƙa ya yi kuskure, na yi mata bayanin ma'anarta a ƙasa gwargwadon iyawata. Ta amsa cewa za a sassaƙa kafin sanyi ya shigo. Duk wanda ya shiga gidan nan nan gaba, ya bi ta jikin bangon gabas, zai ga sunan Dinis da shekarunsa biyu, a ƙarƙashi kuma an rubuta MALAM.